Aka kashe su, aka ƙona su: abin da na gano a Poland

Ni fa ba tarihi ne ya kai ni Poland ba, ƙanina naje dubawa. Yaron nan yana digiri na biyu a Warsaw, Hajiya kuma kullum maganarta ɗaya ce, wai in sun yi waya ta bidiyo tana ganin ya rame, wai ko abincinsu ne bai karɓe shi ba, to da Allah yasa biza ta fito bayan jeka-ka-dawo sai aka ɗora min yaji da kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, kilishin ne dai nace a'a kar a tsare ni a filin jirgi. Na sauka kamar mako ɗaya bayan ƙaramar sallar 2024. Su a wajensu wai sanyi ya wuce, ni kuwa haƙorana har kaɗawa suke.

Ranar Juma'a 19 ga Afrilu mun fito za mu masallaci, a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ga wata yarinya 'yar makaranta ta miƙo min fure na takarda, ruwan ɗorawa. Nace nawa ne, tace kyauta ne. Na duba na ga kusan duk wanda ya wuce akwai irinsa a ƙirjinsa, tsofaffi da 'yan sanda da masu tura keken jarirai, sai nima na manna nawa a jaket. Ƙarfe 12 na cika jiniya ta ɗauka a gari gaba ɗaya, gabana ya faɗi, ƙanina yace "Yaya kwantar da hankalinka, tunawa ake." A rana irin wannan a 1943 ne ragowar Yahudawan da Jamusawa suka killace a geto ɗin Warsaw, wato unguwar da aka zagaye da katanga aka kulle su a ciki, suka ɗauki 'yan bindigogin da suka samu suka ce in mutuwar ce to a yi ta a tsaye, suka kusan wata guda suna fafatawa. Ɗaya daga cikin shugabanninsu da ya tsira, Marek Edelman, likitan zuciya ya zama bayan yaƙi, bai bar ƙasar ba, kuma duk shekara yana kai irin wannan fure wajen dutsen tunawa har ya rasu a 2009. Daga nan abun ya samo asali.

Zan faɗi wani abu da bai min daɗi ba a kaina. Da muka kusa ƙofar masallaci sai na zare furen na cusa aljihu. Ba wanda yace min komai fa, ni kaɗai na tsargu, lokacin ana tsakiyar luguden wuta a Gaza kuma na san rabin sahun Larabawa ne, sai naji bana son a kalle ni. Na san ma wani a cikin masu karanta wannan tuni ya fara cewa to Falasɗinawa fa. Ina tare da kai a kan Falasɗinawa, amma yaran Yahudawan da aka cusa a taragon shanu zuwa sansanonin kisa a 1942 ba su san wata ƙasa Isra'ila ba, sai bayan shekara shida da mutuwarsu aka kafa ta. Wannan na sani sarai a lokacin, kuma duk da haka na ɓoye furen.

Bayan sallah muka wuce unguwar da geto ɗin yake, Muranow sunanta. In ba a faɗa maka ba ba za ka taɓa sani ba, benaye ne na haya da bishiyoyi da tsofaffi suna yawo da karnuka. Abu ɗaya ne zai baka mamaki, gidajen kamar a kan 'yan tuddai suke alhali garin shimfiɗe yake, ashe tarkacen geto ɗin ne, Jamusawa sun rushe shi ƙurmus, bayan yaƙi aka rasa yadda za a kwashe sai aka yi gini a kai, har bulo aka buga da ɓaraguzan. A wasu wurare akwai layi a ƙasa kan hanyar masu tafiya, an rubuta 1940 da 1943, nan katangar ta bi. Sama da mutum 400,000 aka matse a cikinta. A tsakiyar unguwar akwai gidan tarihin POLIN da aka kammala buɗewa a 2014, labarin shekara dubu na zaman Yahudawa a ƙasar, gabansa kuma dutsen tunawa da boren geto, inda shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Willy Brandt ya durƙusa a kan gwiwoyinsa a Disambar 1970. Kafin yaƙi Yahudawan Poland sun kai miliyan 3.3, a Warsaw kusan mutum ɗaya cikin uku Bayahude ne. Kimanin miliyan 3 aka kashe. Ka ƙiyasta, a cikin goma tara sun tafi.

Ƙanina yana zaune gida ɗaya da wani ɗan ƙasar, zan ce masa Dogo don sai ya sunkuya yake shiga kicin. Yaron kirki ne, har ya koyi ajiye naman alade a gefe guda na firij saboda ƙanina. A daren nan muna cin tuwon semo da miyar kukar da na kawo, shi yana ta shan ruwa saboda yaji, nace jibi ina son zuwa Krakow in ga "sansanin nan na Poland", ina nufin Auschwitz, inda 'yan Nazi na Hitler suka yi ta kashe mutane. Wallahi sai da ya ajiye cokali. Fuskarsa ta yi ja, yace babu wani sansanin Poland, sansanin Jamus ne a ƙasar Poland da aka mamaye, yace lokacin ma babu ƙasar, Jamus ta shigo 1 ga Satumbar 1939, Sobiyet ta shigo ta gabas ranar 17, suka raba ta kamar naman layya. Na bashi haƙuri, ƙanina yana ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ashe ba ni na fara ba, Obama ma ya yi wannan suɓutar bakin a 2012, kuma abun haushin a wajen karrama Jan Karski ne, ɗan Poland ɗin da ya shiga geto a ɓoye ya kai wa Ingila da Amurka labarin abin da ake yi, ƙasar ta ɗauki zafi har sai da ya rubuta wasiƙar nadama. A 2018 kuma majalisarsu ta yi doka, duk wanda ya jingina wa al'ummar Poland ko gwamnatinta laifukan 'yan Nazi zai iya shan ɗaurin shekara uku. Isra'ila da Amurka suka yi ca, a watan Yuni na shekarar aka cire maganar ɗaurin.

Kuma gaskiya Dogo yana da hujja. Su ba su yi gwamnatin 'yan amshin shata irin ta Faransa ba. Kusan mutum miliyan 6 'yan ƙasar suka mutu a yaƙin, rabi Yahudawa, sauran galibi Kiristoci. Boren da birnin Warsaw gaba ɗaya ya yi a 1 ga Agustan 1944, wanda ni da farko na cakuɗa shi da na geto har ya sake gyara min, kwana 63 aka yi, fararen hula fiye da 150,000 suka mutu, aka bi birnin gida-gida ana ƙonawa, tsohon garin da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a ciki sabon gini ne. Tun Oktoban 1941 hukuncin kisa ne a kan duk wanda ya ɓoye Bayahude, amma duk da haka a jerin waɗanda cibiyar tunawa ta Yad Vashem da ke Isra'ila ta karrama saboda ceton Yahudawa 'yan Poland sun fi na kowace ƙasa yawa, sama da 7,000. Mutumin da aka yi wa haka, sannan aka miƙa shi hannun Sobiyet shekara arba'in da ɗoriya, kazo kace masa kai ma da naka laifin, ai dole ya ajiye cokali.

Ba zan daɗe kan Auschwitz ba, an yi ta rubutu a kai kuma gani ya kori ji. Gashin mata tuli guda a bayan gilashi, takalman yara, akwatuna kowanne da sunan mai shi da farin fenti don an ce musu za su karɓa daga baya. Abin da ya tsaya min shi ne maganar allo. Zamanin kwaminisanci allon wajen cewa yake mutum miliyan 4 aka kashe daga ƙasashen Turai, ba a ko ambaci Yahudawa ba, yara 'yan makaranta suka tashi da sanin wajen a matsayin inda aka azabtar da 'yan Poland, kuma ba ƙarya ba ne don fursunonin farko da aka kawo a 14 ga Yunin 1940 su 728 daga garin Tarnow 'yan Poland ne. Sai bayan 1989 aka gyara lissafi, kimanin miliyan 1.1 ne, kusan miliyan ɗaya a ciki Yahudawa, 'yan Poland da ba Yahudawa ba wajen 70,000. Da yamma na dawo Krakow ina zagaya rumfunan tsaraba sai ga wasu 'yan gumaka na katako, tsoho mai gemu da baƙar hula da dogon hanci, riƙe da kwabo. Na tura wa Dogo hoto, yace eh Bayahuden sa'a kenan, ana ajiye shi kusa da ƙofa wai yana jawo kuɗi. Mai rumfar da fara'arta take miƙo min, ko a jikinta. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce tsakaninta da ɗakin gashin nan.

Abin da ya bani mamaki, shi Dogon da ya hau ni da faɗa shi ne da na dawo yace in dai da gaske nake son ganin abin da ke damunsu to ba Auschwitz ba ne, Auschwitz ai kowa ya san wa ya yi. Yace Asabar zai je gaida kakarsa kusa da Lomza, in ina so mu tafi, daga can minti ashirin ne zuwa Jedwabne. Yedwabne ake faɗa.

Muka kama hanyar arewa maso gabas mu uku a tsohuwar motar babansa. Gonaki shimfiɗe, dazukan bishiyoyi masu farin jiki, a kan turakun wutar lantarki kuma manyan sheƙuna na wani tsuntsu kamar shamuwa amma fari, yace min kwanan nan suka dawo daga Afirka, wasunsu a Sudan da Chadi suke cin rani. Kakar tasa ta haura tamanin da biyar, 'yar ƙarama da ita da ɗankwali, tana ce min Pan, wato kamar ace Malam, ni kuma na bi bakin jikanta ina ce mata Babcha, kaka kenan. An riga an gaya mata ba ma cin alade sai ta yi mana wani abu na fulawa da aka cusa wa dankali da cuku, tana tsaye a kaina sai na ƙara. A bango akwai hoton mahaifinta. Sobiyet ne suka tafi da shi Saiberiya, don wannan yankin a hannunsu yake daga 1939 zuwa Yunin 1941, bai dawo ba. Ta bada labarin tiryan-tiryan, daren da aka buga ƙofa, abin da uwarta ta ɗaure masa a tsumma, Dogo yana fassarawa. Da yace mata Jedwabne za mu sai ta yi shiru tana goge tebur da yake a goge, can tace Jamusawa ne, sannan ta ƙara da cewa ai su ma Yahudawan, da Rashawa suka shigo, da furanni suka tarbe su. Dogo bai so fassara wannan na biyun ba, sai a mota ya faɗa min.

Akwai wani kabet na katako a falon, baƙi, an sassaƙa masa ado, na yaba shi. Tace tsoho ne, sai ta faɗi wata kalma, pożydowski. Dogo yace ma'anarta abin da ya rage bayan Yahudawa. Kalma ce guda fa, kamar yadda za ka ce kayan gado ko kayan gwanjo, ana faɗinta a kan gida, a kan shago, a kan fili. Ba ta ce an saya ba, ba ta ce an ƙwace ba, kalmar ta riga ta rufe wannan tambayar.

Jedwabne ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai 2,000 ba. Fili a tsakiya, coci mai hasumiya biyu, shago ɗaya biyu, wasu dattawa a kan benci suka bi mu da ido, ban sani ba ko don baƙaƙe biyu ne ko don sun san inda baƙi ke nufa. A filin akwai dutsen tunawa da waɗanda aka kai Saiberiya. Ɗayan wajen kuwa sai ka fita bayan gari, ka bi wata 'yar hanya tsakanin gonaki.

Abin da ya faru kenan. Jamus ta afka wa Sobiyet 22 ga Yunin 1941, cikin kwanaki ta karɓe yankin. Ranar 10 ga Yuli aka tattaro Yahudawan garin a wannan filin, aka sa su tsige ciyawar da ta fito tsakanin duwatsun daɓe, ana dukansu. Aka ware maza wajen arba'in aka ɗora musu gunkin Lenin da Sobiyet suka kafa, suka ɗauka zuwa wani ƙaton rumbu na katako a bayan gari, aka kashe su a can aka binne su tare da gunkin. Sauran, mata da yara da tsofaffi, aka kora su cikin rumbun aka rufe aka zuba kananzir aka kunna. Kun ga yadda nake ta cewa aka, aka, aka. Hausa ta iya wannan, za ka bada labarin kisa daga farko har ƙarshe ba ka faɗi hannun kowa ba.

Shekara da shekaru dutsen da ke wajen cewa yake 'yan sandan sirri na Gestapo da jandarmomin Hitler ne suka ƙona mutum 1,600. Alhali tun 1949 an yi shari'a a Lomza, mutanen gari 22 aka gurfanar, aka ɗaure 12, kowa a yankin ya sani, magana ce dai ta cikin ɗaki. Sai a 2000 wani masanin tarihi ɗan ƙasar mazaunin Amurka, Jan Tomasz Gross, ya fitar da ɗan littafi mai suna Sąsiedzi, wato Maƙwabta, yace mutanen garin ne suka kashe maƙwabtansu. Ƙasar ta kama da wuta. Hukumar adana tarihin ƙasa, IPN, ta buɗe bincike, aka fara tono a 2001 aka tarar da gutsattsarin gunkin Lenin a cikin ƙasusuwa, amma aka dakatar don addinin Yahudawa bai yarda a taɓa gawa ba. Sakamakon da mai gabatar da ƙara ya fitar shi ne aƙalla mutum 340 aka kashe, waɗanda suka yi da hannunsu maza ne 'yan Poland aƙalla 40, Jamusawa suna wajen kuma da zugarsu da amincewarsu aka yi. Kuma ba nan kaɗai ba, kwana uku kafin nan an yi irinsa a Radzilow, shi ma a rumbu. Dakatar da tonon nan har yau shi ne abin riƙon masu musu, su ce a tono mana a ƙirga harsasan Jamusawa.

Wajen kansa ba wani girma. Gajeriyar katanga ta duwatsu ta zagaye daidai inda rumbun yake, na taka na auna, bai fi filin gida madaidaici ba, na tsaya ina lissafin yadda mutum ɗari uku za su shiga. A tsakiya dutse ne tsaye da wani allon katako kamar wanda wuta ta lasa, mutane sun jera ƙananan tsakuwoyi a kai, haka Yahudawa ke yi a kabari. Tsallaken hanya tsohuwar maƙabartarsu ce, ciyawa da bishiyoyi. Ba kowa sai mu, sai wata tarakta can nesa. Rubutun da harshe uku ne, Polanci da Ibrananci da Yidish, nace Dogo ya karanta min. Don tunawa da Yahudawan Jedwabne da kewaye, maza da mata da yara, waɗanda ake zaune tare da su a wannan ƙasa, da aka kashe aka ƙona da ransu a wannan wuri ranar 10 ga Yulin 1941. Nace sai me? Yace shikenan. Nace ba a faɗi wa ya yi ba? Yace tsohon dutsen ya faɗi, ƙarya ya faɗa, wannan kuma da aka zo rubutawa an kasa daidaitawa sai aka bar wajen fayau.

A gaban wannan dutsen ne shugaban ƙasa Aleksander Kwasniewski ya tsaya a 10 ga Yulin 2001 ya nemi gafara, da sunansa da sunan 'yan Poland ɗin da wannan laifi ya girgiza zuciyarsu. Ka lura ko shi bai ce da sunan kowa da kowa ba. Yawancin mutanen gari ba su fito ba, limamin cocin garin ya ƙaurace, magajin garin da ya tsaya a yi taron kuwa zaman ya gagare shi, ya sauka ya bar ƙasar. A 2011 wasu suka zo da dare suka zana tambarin Nazi a jikin dutsen. A muhawarar zaɓen 2015 ɗan takara Andrzej Duda ya caccaki shugaba Komorowski saboda shi ma ya nemi afuwa, a 2016 aka tambayi ministar ilimi Anna Zalewska a talabijin wa ya kashe Yahudawan Jedwabne, ta yi ta kewaye-kewaye ba ta faɗa ba. Akwai sunan da masu wannan ra'ayin suka raɗa wa duk wannan tone-tonen, wai koyar da jin kunya, suna cewa an maida yaransu masu sunkuyar da kai a gaban Turai alhali su aka zalunta.

Ni dai a nawa ganin, ba ƙarya suke yawan yi ba, zaɓe suke a cikin gaskiya. Ɗauki iyalan Ulma na ƙauyen Markowa. Jozef da matarsa Wiktoria sun ɓoye Yahudawa takwas, ranar 24 ga Maris 1944 jandarmomin Jamus suka zo suka harbe baƙin, suka harbe mata da mijin, tana da tsohon ciki, suka harbe 'ya'yansu shida. An gina musu gidan tarihi a 2016, ranar mutuwarsu ta zama ranar tunawa ta ƙasa, a Satumbar 2023 Cocin Katolika ta ɗaga su duka zuwa matakin da ke gab da waliyyai. Sun cancanta wallahi. Amma ai wani ne ya kai tsegumi, kuma wanda ake zargi ɗan sandan yankin ne da ke aiki ƙarƙashin Jamusawa. A kusa da Jedwabne ma akwai wata mata, Antonina Wyrzykowska, ta ɓoye mutum bakwai a rami ƙarƙashin garken dabbobinta fiye da shekara biyu, da yaƙi ya ƙare mutanen yankinta ne suka zo suka yi mata dukan kawo wuƙa har ta gudu ta bar ƙauyen. Kowane labarin gwarzo in ka bi shi za ka tarar ba Bajamushe kaɗai yake ɓoye wa ba, har da na bayan katanga. Shi yasa suke da kalma ta musamman, szmalcownik, mai farautar Yahudawan da suka ɓuya yana tatsar kuɗinsu ko ya miƙa su. Sannan ga Kielce, 4 ga Yulin 1946, mamayar Jamus ta riga ta ƙare, wani yaro ya ɓata kwana biyu ya dawo yace Yahudawa ne suka kulle shi, gari ya tashi har da sojoji da 'yan sanda, aka kashe mutum 42 waɗanda da ƙyar suka tsira daga Hitler. A 1968 kuma gwamnati da kanta ta tasa wajen 13,000 a gaba suka bar ƙasar.

Amma kar in yi musu rashin adalci. Duk waɗannan abubuwan da na lissafo, su da kansu suka tono su. Gross nasu ne, mai gabatar da ƙarar nan nasu ne, Barbara Engelking da Jan Grabowski da aka kai kotu saboda littafinsu a kan makomar Yahudawan da suka gudu ƙauyuka, har aka ce a 2021 su bada haƙuri kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, su ma nasu ne. Yarinyar da ta bani fure tasu ce, ɗan majalisar nan Grzegorz Braun da ya ɗauko abin kashe gobara ya feshe fitilun bikin Yahudawa a harabar majalisa a Disambar 2023 shi ma nasu ne. Rigimar a cikin gida take, wani lokacin ma a cikin mutum ɗaya, don Dogon da ya tuƙa motar nan da man aljihunsa ya kawo ni gaban dutsen, da muka koma mota cewa ya yi in zan rubuta to in rubuta har da kakansa na Saiberiya. Gashi na rubuta.

Laifi tudu ne dai. A hanyar dawowa Dogo ya kunna rediyo, ni ina baya na jingina da gilashi, sai Kaduna ta faɗo min, Fabrairun 2000. Ina aji biyar na sakandare lokacin. Mu a gidanmu in aka tashi labarin rikicin shari'a, labarin ɗan kawunmu ake, wanda ya tafi ɗinki tsallaken gada bai dawo ba, ko gawarsa ba a samu ba, har yau in an ambace shi Hajiya sai ta share ido. Wannan kowane yaro a gidan ya haddace shi. Amma a layinmu akwai wani mai shagon kayan sanyi, Kirista, shekararsa goma sha a unguwar, in Hajiya ta aike ni ba kuɗi yakan bani ya rubuta a littafi. Shi labarinsa jimla ɗaya ce, an ƙona shagon, sun tashi. Firij ɗinsa kuwa, babba mai ƙofar gilashi, na san gidan da ya kwana, na sha ruwan sanyi daga cikinsa ya fi a ƙirga, masu gidan muna sahu ɗaya da su har gobe.

Ban san na yi maganar a fili ba sai da ƙanina ya juyo daga kujerar gaba. Shi shekararsa uku lokacin, bai san komai ba sai abin da aka faɗa masa. Yace "Yaya wai wane shago, wanda yanzu ake cajin waya?" Nace shi. Yace "To su waye suka ƙona?"

Dogo ya rage rediyo duk da ba ya jin Hausa. Na kalli waje, mun zo daidai wani turken da tsuntsun nan yake tsaye da ƙafa ɗaya a kan sheƙarsa.

Nace an dai ƙona.